Barandar Alhaji Hamani a Bakin Kogin Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Marusa a ce, "Malam Lawal, wai da gaske waya ka tafi ɗaurewa har wata ƙasa? Su can ba su da masu ɗaure waya ne?" Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure har na fara mance wa na gaya wa me. Shi ya sa na ce bari in zauna in zube shi gaba ɗaya, kowa ya ɗebi rabonsa, ni kuma in samu in koma kan aikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne. Aikin da ya fitar da ni kuwa wani irin shingen baranda ne da na koya lokacin da na yi zaman Abuja a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Maimakon a kewaye baranda da bulo ko ƙarfen walda, sai a kakkafa ginshiƙan katako, a huhhuda su, a zura wayar ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai kaurin igiyar shanya, layi-layi daga ƙasa zuwa sama, a ja ta ta yi tsam kamar tsirkiya. Yaro ba zai faɗa ba, iska na shiga, mai zama kuma ba abin da zai tare masa ido.

Na taɓa yi wa wani ɗan kasuwa irinsa a benensa na Ƙofar 'Yandaka. Matarsa Bazabarmiya ce, 'yar Yamai. Da ta haihu, mahaifiyarta Hajiya Ramatu ta zo suna, ta ga shingen, ta sa aka nemo ni. Dattijuwa ce doguwa, Hausarta na fita da wani lanƙwasa irin na mutanen can.

"Malam kafinta," ta ce, "mutum in yana zaune a kujera, ƙasa-ƙasa, zai ga waje ta cikin wannan abin?"

Na ce, "Hajiya, ko kwance yake zai gani."

Sai ta ba ni labari. Mijinta, Alhaji Hamani, a kan ruwa ya yi rayuwarsa. Yana da manyan jiragen katako masu ɗauko kabewa da shinkafa da mutane daga ƙauyukan bakin kogi zuwa birni. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya koma kan keken marasa lafiya, magana ma da ƙyar. Gidansu a kan gaɓa yake, don haka ta sa aka yi masa baranda ta katako a bayan gida, tana fuskantar ruwa. Amma ba a iya fito da shi, don ba makari, ƙasan kuwa gangare ne mai duwatsu. Da aka ce a kewaye da alluna sai ya girgiza kai: in dai allo zai zauna yana kallo, gara ɗakinsa. Tun daga nan ya juya fuska bango, ko taga ba ya so a buɗe.

"So nake ya ga ruwansa," ta ce. "Shi ke nan."

Na amsa. Muka shirya cewa kafintansu na can, wanda ya yi barandar, zai kafa ginshiƙai kafin in zo, ni in taho da waya da kayan ɗaurinta. Na ce mata ta gaya masa, ginshiƙan tsakiya ko yaya suka samu sun yi, amma na ƙarshe da na kusurwa su zama shida-shida, don su ke ɗaukar ja.

Ban tafi ni kaɗai ba. Na ɗauki Bitrus, mai walda, maƙwabcina a wurin aiki. Iyayensa mutanen Filato ne, amma a Katsina aka yanke masa cibiya, Katsinancinsa ma ya fi nawa kauri. Matse bakin wayar nan yana son ƙarfin damtse da sanin ƙarfe, shi kuwa Allah ya ba shi duka biyun. Uwargidana Binta ta haɗa mana guzuri, ƙuli-ƙuli da yaji da soyayyen nama, kamar masu tafiya ƙasar da ba a girki.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba labari, hanyarmu ce. A kan iyaka aka fara. An duba takardunmu lafiya, muka tsallaka ɓangaren Nijar, sai aka ce kowa ya fito da katin rigakafi. Ni ina da nawa tun wata tafiya. Bitrus ba shi da shi. Aka nuna masa wani ɗan ɗaki aka ce ya shiga a yi masa allura a ba shi kati. Mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, sai na ga gumi ya keto masa.

"Lawal, mu koma gida," ya ce. "Aikin ga ai ba dole ba ne."

Malamar asibitin, wata 'yar gajeruwa mai tabarau, ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙato da kai? Jarirai na yi ma ita yau, ko uhum ba su ce ba. Miƙo hannu."

Ya damƙe hannuna har yatsuna suka yi ƙara, ya runtse ido yana addu'a. Can ya ce, "To, ki yi mana in za ki yi."

Ta ce, "An gama tun ɗazu. Tashi ka ba mutane wuri."

Daga nan sai masu binciken kaya, su duwan suke ce musu. Jami'in ya kwance buhu ya ga waya a nannaɗe tana ƙyalli, ga ƙananan ƙarafa masu zare cike da leda. Ya ɗaga gira. "Tarkon mi za ku ɗana da wanga?" Na yi bayani, bai gamsu ba, sai da na buɗe masa hoton benen Ƙofar 'Yandaka a wayata. Ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai suna kallo. Ɗayan ya ce abin ya yi kyau. Shi kuwa ya ce kyau dai akwai, amma akuyar gidansa in ta ga wannan za ta ɗauka an raina ta ne. Aka cike takarda, aka ɗaure mana buhunmu, muka wuce.

Maraɗi ba baƙunta ba ce. Harshe namu ne, fuskoki irin namu, har sunayen unguwanni wasu na gida ne, don kakanninsu daga Katsina suka fito. Mai shayin da muka zauna wurinsa da ya ji daga inda muke sai ya ce, "Ashe masu tsaron gida ne. Ya kuka baro mana garinmu?" Na ce garin na nan lafiya, yana jiran su dawo su biya kuɗin shara. Abin da ya fara nuna min na bar ƙasata burodi ne. Nasu dogo ne siriri kamar taɓarya, bayansa da tauri. Na gatsa da ƙarfin hali irin na gida, ya kuje min dasashi. Sai da na ga kowa na tsoma nasa a shayi sannan na gane dabarar.

A tashar babbar mota muka sauka, wadda za ta kai mu Yamai washegari. Akwai rumfa da tabarmi da wurin alwala, matafiyi ya shimfiɗa ya kwanta ba mai ce masa komai. Wani abu ya ba ni mamaki. Mu a gida mota ba ta tashi sai ta cika, ko da za a wuni. Su kuwa in lokaci ya yi, ko rabi ce tafiya za ta yi. Bayan asuba wani ya tsaya bakin ƙofar mota yana kiran suna ɗaya-ɗaya kamar 'yan makaranta. Aka kira Bitrus, shiru. Ya tafi neman shayi, a tunaninsa ai sai rana ta fito. Direba ya tayar da inji ya fara ja. Ina roƙo, ina buga gefen mota, sai ga shi a guje da kofi a hannu, rabin shayin a gaban rigarsa, mai shayi na biye da shi yana kiran a ba shi kofinsa.

Hanyar Yamai doguwa ce, sai ka gaji ka huta ka sake gajiya. Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ko'ina a tsaya a sauko a nuna takarda a koma. A kusa da ni wata tsohuwa ce mai fataucin albasa, ta hau a wajen Galmi. Kafin mu yi nisa ta san sunana da na matata da abin da ya fito da ni. Ita ta koya min gaisuwar Zabarmawa. Ta ce in na ce "fofo" na gaisar, na kuma yi godiya, kalma ɗaya aiki biyu. In kuwa abu ya ɓaci aka ce min "kala suru", haƙuri ake ba ni. Ta ƙara da cewa, "Ɗana, su ba su da yawan surutu irin naku. In mutum ya yi shiru yana kallonka, ba ƙiyayya ba ce, auna ka yake." Dab da Yamai ta taɓa ni ta nuna taga. Raƙuman dawa ne tsaye a cikin gonaki suna cin ganyen bishiya, hankalinsu kwance kamar awakin gari. Na girgiza Bitrus, kafin ya buɗe ido mun wuce. Har yau cewa yake ƙarya nake.

Hajiya Ramatu ta aiko aka ɗauke mu daga tasha. An gyara mana ɗaki a cikin gidan, katifu biyu da gidan sauro, ga randa da moɗa a bakin ƙofa. Aka kawo dambu da zogale, an ji mai da albasa, da soyayyen kifin da aka ce da safen nan aka kamo shi. Dambun ya fi namu laushi, yajinsu kuwa ba ya faɗa, sai da na ciro na Binta a ɓoye. Bayan abinci shayi, ba irin namu na madara ba, na 'yan ƙananan kofuna mai kumfa. Na shanye na farko na ce alhamdulillahi zan tashi, aka ce in zauna, ai sau uku ake sha, wanda ya tashi a na farko bai gama gaisawa da masu gida ba.

Aka shigar da mu gaida maigidan. Ɗakin da duhu, taga a rufe. Babban mutum ne, ko a zaune ka san ya yi ƙarfi a zamaninsa, gemu da gashin kai sun taru ba gyara. Na durƙusa na ce fofo. Ya dube ni da ido ɗaya, ya ɗan motsa hannun dama, ya mayar da fuska bango.

Da safe na ga barandar, na kuma ga wanda ya yi ta. Sunansa Sumana, siriri, mai furfura a gefen kai, fensir a bayan kunne. Aikinsa ba abin kushewa, alluna sun zauna daram, ba inda ke motsi. Gaisuwarsa dai gajeriya ce, ya koma gefe ya harɗe hannu. Na fahimce shi. Ko ni ne aka ɗauko wani daga wata ƙasa ya ƙarasa aikin da na fara, ba zan tare shi da guɗa ba.

Na ciro tef na auna ginshiƙin ƙarshe. Inci huɗu ne, ba shida ba, kuma na farin katako mai laushi.

Bitrus ya matso ya ce a hankali, "Gaya mishi."

Na ce, "Baƙon da ya sauka jiya, yau ya fara kushe aikin ɗan gari? Akwai katakon sama da ya tokare su. Mu gwada, ƙila ya riƙe."

Muka fara. Na samu wani sillen katako na huda shi a jere, tazara daidai wadda ko kan jariri ba zai shiga ba, shi ya zama ma'aunina. In na manna shi a jikin ginshiƙi sai in yi alama, in huda daga wannan gefe zuwa rabi, in zagaya in huda daga wancan, ramukan su haɗu a tsakiya, don in ka huda ta gefe ɗaya bakin injin huda na iya karkacewa layi ya lalace. Bitrus na yankan waya. Kafin ya yanka sai ya naɗe wurin da salatif, in ba haka ba silin wayar su warware kamar tsintsiya, ba za ta shiga rami ba. Mu zura ta ta bi ginshiƙai har ƙarshe, ya sa mata bakin ƙarfe mai zare, ya matse da babban almakashin matsewa har jijiyoyin wuyansa su tashi, sannan a sa washa da noti. Sumana na tsaye yana kallo.

Tsakar rana kuma sai gari ya mutu. Shaguna a rufe, titi ba kowa, kowa ya nemi inuwa sai la'asar ta kusa. Ranar farko na ce mu ba mu saba ba, na ci gaba da aiki. Zafin da ya taso daga ruwa da duwatsun nan ya koya min hankali. Washegari ni na riga kowa shimfiɗa tabarma.

Ran da muka zo ja, na fara da wayar tsakiya kamar yadda ake yi, sai ta sama da ita, sai ta ƙasa, ana juya noti kaɗan-kaɗan. Muna cikin haka na ji ƙas! Haɗin katakon sama ya buɗe, ginshiƙin ƙarshe ya sunkuyo ciki kamar mai gaida surukai. Wayoyin da muka riga muka ja duk suka saki, suka yi ciki.

Daidai lokacin Hajiya ta fito da tiren shayi. Ta tsaya, ta dubi ginshiƙin, ta dubi tagar ɗakin mijinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Na gaya masa ran Juma'a zai fito. Abokansa na ruwa za su zo bayan masallaci. Yau da safe da kansa ya nuna a kira masa wanzami." Ta ajiye tiren ta koma ciki.

Sai a sannan Sumana ya buɗe baki. Ya yi magana da Zabarmanci da sauri, sannan ya juyo da Hausa. "Waya ta fi ƙarfin itace. Tun farko na faɗa."

Raina a ɓace yake, kunyar baƙunta ta gudu. Na ce, "Da an yi ginshiƙin yadda na ce, da bai sunkuya ba."

"Yadda ka ce? Shida ka ce. Na ga shida ko kaza ba zai tsare ba, na yi maka goma. Huɗu na ƙara maka daga kaina, don in rufa maka asiri."

"Goma? Malam Sumana, wannan huɗu ne!"

"Goma ne!"

Muka tsaya muna huci, kowa da tef a hannu. Bitrus ya karɓi nawa, ya ɗora a kan ginshiƙin, ya ce mu matso. A gefen sama, inda nake karantawa kullum, huɗu. A gefen ƙasa, inda ƙananan lambobin nan suke, goma. Mu da inci muke aiki, gadon Ingilishi. Su da santimita, gadon Faransa. Na ce shida ban ce shidan me ba, Hajiya ta kai saƙo yadda ta ji shi.

Sumana ya karɓi tef ɗin, ya sa farce a kan inci shida, ya duba ƙasa ya ga sha biyar. Ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya zauna a kan allo yana dariya har da share hawaye.

"Tun da saƙon nan ya zo," ya ce, "nake cewa wane irin kafinta ne wannan mai son ginshiƙi kamar sandar makiyayi. Na ce bari ya zo in ga ƙarshen abin."

Na ce, "Ni kuma tun da na zo nake cewa wane irin mutum ne wannan da ba ya jin magana."

Ya miƙo min hannu. "Kala suru."

Na ce, "Ni ne da kala suru."

Sumana ya ja mu kasuwar da ake sayar da itace, wadda sunanta ma Katako. Na ce wa Bitrus, yau ga garin da ya san darajar kafinta, har kasuwa aka raɗa wa sunan kayan aikinmu. A bakin shiga Sumana ya ce in rufe bakina, in aka ji Hausar Najeriya itacen zai ƙara nauyi. Na bi shi kamar bebe. Yana ƙwanƙwasa gungume ya kara kunne, ya kankare da farce ya shinshina, ya wuce. Sai can ciki muka samu maɗaci busasshe, ja wur, mai nauyin tsiya. Aka tsaga mana shi sha biyar-sha biyar, da bakinsa ya faɗi awon, ni dai na leƙa tef ɗina ta gefen sama na gyaɗa kai.

Daga nan aikin ya zama na mutum uku. Muka cire ginshiƙan ƙarshe da na kusurwa muka kafa sababbi. Bitrus ya samu wani mai walda a unguwar ya ara masa wuta, ya yi mana ƙarafan kusurwa masu kauri, muka ɗaure gindin kowane ginshiƙi da jikin manyan katakan da ke ɗauke da barandar. Sumana ya sake haɗin katakon sama, ya sassaƙa masa harshe ya shige cikin ginshiƙin, irin haɗin da na daɗe ban ga mai yin sa da kyau haka ba. A kusurwa, inda waya ke lanƙwasa, muka sa 'yan bututun ƙarfe a bakin ramuka don kada ta ci itacen. Na miƙa wa Sumana injin huda na ce ya gwada ta gefe biyu. Ramin farko ya kuskure kaɗan, na biyu ya haɗu cif. Bai sake ba ni injin ba.

Safiyar Juma'a muka sake ja. Sumana ne da sifana, ni ina dafe da ginshiƙi ina jin ko zai yi motsi. Bai yi ba. Waya bayan waya suka miƙe suka yi tsam. Bitrus ya jingina da duk nauyinsa, ya sa ƙafa ya taka ta ƙasa, ko gezau. Muka yanke sauran zaren da ya fito, muka rufe da 'yan huluna don kada su yagi rigar wani, muka share wurin, muka tafi masallaci, Bitrus ya zauna gadin kaya.

Bayan an sauko dattawa suka taru, tsofaffin matuƙa jirgi, hannayensu duk kanta. Aka shimfiɗa tabarmi. Sai ga Hajiya da Sumana sun turo keken. An yi wa Alhaji aski, ya sa farar riga da hula. Hasken ya sa ya runtse ido. Suka kai shi har bakin shingen suka tsaya.

Bai fara duban ruwa ba. Hannunsa mai lafiya ya miƙa ya kama waya ɗaya, ya ja da ƙarfi, ya saki, ya kama ta ƙasa da ita ya sake ja, yadda mai jirgi ke gwada igiya kafin ya yarda da ita. Da ya gamsu sai ya ɗaga kai.

Kogin a cike yake, faɗinsa ya fi ƙarfin misali. Can sai ga wani dogon jirgi ya taho daga sama, shaƙe da kabewa. Matuƙin ya hango farar riga a kan gaɓa, ya miƙe tsaye, ya sa hannu a goshi, sai ya kwarma kira, "Alhaji Hamani! Alhaji Hamani!" Tsohon ya ɗaga hannu a hankali. Ya bi jirgin da ido har ya gota, sannan bakinsa ya motsa, ya yi wata magana da Zabarmanci, a karkace amma ta fita. Dattawan suka fashe da dariya, wani har da buga cinya.

Na tambayi Sumana me ya ce.

"Ya ce wane sakarai ne ya yi lodin nan, jirgi ya karkata hagu."

Na waiwaya in ga Hajiya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta shige gida.

Mun so mu kama hanya washegari, ta ce ba a yi haka ba. Ran Lahadi ta sa aka raka Bitrus coci. Ya dawo ya ce an yi wa'azi da Faransanci an fassara da Zabarmanci, shi dai "Amin" kaɗai ya tsinta, amma ya faɗe ta da ƙarfi yadda kowa zai san ya zo. Da yamma ɗaya daga cikin dattawan ya ɗauke mu a kwalekwale. Muna tsakiyar ruwa wani abu kamar dutse ya ɓullo can gefe, ya buɗe baki ya yi hamma. Dorina! Na kwanta a cikin kwalekwalen ina salati, na ce a mayar da ni tudu, ni ɗan Katsina ne, ruwanmu a rijiya yake. Tsohon matuƙin ko a jikinsa, wai ai ta san shi.

Kafin mu taso na nuna wa Sumana yadda zai riƙa bin notunan in waya ta ɗan saki bayan itace ya zauna, na bar masa sifana da ragowar wayar. Ya raka mu tasha da kilishi a ƙunshe. Hajiya ta haɗo wa Binta turaren wuta da atamfa. Hanyar dawowa ba wani abu, sai barci da nuna takarda. Da na hango hasumiyar Gobarau daga cikin mota sai na ji yunwar tuwon gidana ta taso min gaba ɗaya.

Kwanan baya Sumana ya kira ni. Ya ce ya bi notunan, komai lafiya, har wani mai gidan abinci a bakin kogi ya zo ya gani yana so a yi masa. Muna magana ina jin wani sauti a bayansa, ɗin, ɗin, ɗin, kamar ana kaɗa molo. Na ce mene ne wannan? Sai Hajiya ta karɓi wayar.

"Malam Lawal, kai ka ja min," ta ce. "Tun safe yake nan sai magariba, abinci ma nan ake kai masa. Ya gano in ya fizgi wayar shingen nan tana ƙara. In shayi yake so ya kaɗa, in jirgi ya wuce yana son a zo a gani ya kaɗa. Shinge na ce ka yi min, ka tashi ka yi masa ƙararrawa."

Na ce, "Hajiya, in ta dame ki a ɗan sassauta ta, sai ta daina ƙara."

Ta ce, "Kul. Wanda ya taɓa min ita ni da shi ne." Sai na ji ɗin, ɗin ya sake tashi, ta ce, "Ka ji ko? Bari in je in ga me kuma ya gani."

Iyakar abin da ya faru ke nan. Mai neman ƙari ya tari Bitrus.